Haruffa Masu Takalmi

Warin tawada ne ya tono mini abin. Makon jiya na je wurin wani yaro mai ɗab'i don ya buga mini takardar bayanin maganin feshin da nake sayarwa. Ya miƙo mini samfuri biyu. Na farkon haruffansa sumul suke, ina layi na biyu sai idona ya zame zuwa na huɗu. Ɗayan kuwa kowane harafi da 'yar ƙafa a gindinsa, ido na bin su kamar mai bin turba. Nan take na tuna Baba.

Baba da girmansa ya koyi boko, a ajin yaƙi da jahilci, kuma da irin waɗannan haruffa masu ƙafa aka buga littattafansu. A unguwarmu ta Illela shi ne mai karanta wa mutane takarda. Ranar kasuwa makiyaya kan cika zaurenmu, ga ƙamshin nono, ga na jiƙaƙƙiyar ƙasa in damina ce. Yakan ɗora yatsa ƙarƙashin layi, ya bi a hankali. Ba shi da gona babba, ba shi da shanu. Wannan karatun shi ne girmansa.

Wata damina wani dattijo daga wajen Araba ya kawo takardar maganin tsutsar shanu, sabon bugu, yana son jin yadda ake bayarwa. Baba ya fara, ya ɓace, ya koma baya, ya sake ɓacewa. Sai ya ce, “Haruffan ga ba su da takalmi, ido na santsi bisansu.”

Ina aji biyar lokacin. Na yi dariya a gaban baƙi, na zare takardar daga hannunsa, na karanta ta tiryan-tiryan.

Dattijon ya ce, “Malam, ashe ka haifi wanda ya fi ka.”

Baba dai ya gyara hularsa. Daga ranar ni ake nema in an zo da takarda, shi kuwa sai ya gaisa da mutane ya shige cikin gida. Bai ƙara karanta wa kowa ba har ya rasu. Kada ka ce yarinta ce kawai. Na ga fuskarsa sarai, kuma na ji daɗin nasarar. Shekara da shekaru ina ɗaukar zancen takalmin nan wayon tsoho ne.

Yau idona ya kai shekarun nasa, na ga gaskiyarsa, ba kuma wanda zan ba haƙuri.

Mai ɗab'in ya ce yanzu sumul ɗin ake yayi. Na ce manoma ne masu saye a wurina, ya buga mini masu takalmi. Yaron ya tuntsire da dariya, wai bai taɓa jin wannan suna ba.

Na dai gyara hulata.