Fuskar da ke Gindin Kofi

A ɗakina a Tudun Wada akwai kofunan tangaran da suka fi ƙarfin buƙatar gida ɗaya. Duk tsofaffi ne, irin marasa kaurin nan masu bakin zinariya da aka buga wa sunan Japan a ƙasa, waɗanda alhazan dā suke kawowa tsaraba. Maigidana yakan tambaye ni yaushe zan buɗe teburin shayi. Ba sha'awa ce ta sa na tara su ba, ɓarna na yi nake neman gyarawa.

Shekarar da ciwon suga ya kwantar da Inna a asibiti a Kano, ni na kawo shawarar a gyara mata ɗakinta na Bebeji kafin a sallamo ta. Ni ce auta, kuma ni ce mai rawar kai. Na sa aka yi siminti da fenti, aka kafa kabad mai gilashi. Tsohon jerenta kuwa, tasoshi da kwanukan da suka yi tsatsa da ragowar tangaran ɗin da marigayi Baba ya kawo daga Makka, na kira dillaliya na ce ta kwashe, kada ta bar ko murfi. Har yaba kaina nake yi.

Da Inna ta dawo ta dubi ɗakin, ta sa mana albarka ɗaya bayan ɗaya. Sai da mutane suka ragu ta kira ni.

"Auta, akwai wani ɗan kofi a bayan babbar tasa."

"Inna, ai duk tarkacen nan an fitar. Ga sababbi nan sun fi su kyau."

"To," ta ce. "Allah ya yi albarka."

Ranar ba ta taɓa tuwonta ba.

Goggo, ƙanwar Baba, ita ta ja ni bayan rumbu ta wanke ni tas, sannan ta gaya mini abin da ban sani ba. Na dai san Inna ta yi 'yar fari wadda sanƙarau ya ɗauke tana budurwa, tun ba a haife ni ba. Ba ta bar hoto ba. Inna kuma jinin Fulani ce, kunyar 'yar fari ta riƙe ta da gaske: ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa jan ta a jiki a gaban mutane ba, ranar da aka fita da gawar ma ko hawaye ba a gani ba, har ana yaba mata. Amma Goggo ta ce wata rana da hantsi ta faɗa ɗakin ba sallama, ta tarar da Inna ta ɗaga kofin nan saitin hasken ƙofa. Ashe idan rana ta bugi gindinsa, fuskar wata mace ce take bayyana a ciki, gashinta a tattare sama kamar doka. Inna ta ga kamar yarinyarta a fuskar. Shekara da shekaru nan take zuwa ta gan ta, ba wanda ya sani sai ita Goggo.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ruga wurin dillaliya, ta ce ta kai kasuwa an watse da su, ba za ta iya tuna wa ya ɗauki me ba.

Tun daga nan na shiga nema. Biki ko suna ko ta'aziyya, daga Kiru har Ɗansoshiya, da an gama gaisawa sai in lallaɓa ɗakin tsohuwar gidan in tambaye ta ko tana da tangaran na dā. Wasu sun ɗauka wani malami ne ya ba ni sa'a. Tsohuwa za ta taka turmi ta sauko mini da kofi, in fita tsakar gida in ɗaga shi sama, in ga ba kowa a ciki. Kunya ta hana ni mayar mata bayan wahalar da ta sha, sai in karɓa in yi mata alheri. Haka suka taru. Ga shi kuma sugan ya fara cin idon Inna. Duk zuwan da na yi sai na tarar hasken ya ragu, har ta koma gane ni da murya. Tsoro ya hana ni sakat.

A shekara ta huɗu na same shi, a Doguwa, wurin wata tsohuwa da take zuba allurai da maɓallai a ciki. Na juye su a tafin hannu, na ɗaga kofin, sai ga ta tana kallona. Na durƙushe ina kuka.

"Ɗauki, 'yar nan," in ji tsohuwar. "Ni ban ma san da mutum a ciki ba."

Ban biya ta gida ba, mota na hau sai Bebeji. Na sami Inna zaune a ƙofar ɗaki bayan la'asar, na gaishe ta, na sa mata shi a hannu. Ta shafa bakinsa da babban yatsa ta kewaye.

"Wannan ba nawa ba ne. Nawa yana da ɗan ɓalli a nan."

"Ba shi ba ne, Inna. Irinsa ne."

Sannan ta ɗaga shi sama, amma ba wajen da rana take ba. Na kama hannunta na juya shi yamma. Ta daɗe tana kallo da idanun da suka yi fari fat.

"Tana nan?"

"Tana nan, Inna."

"Da dokarta?"

"Da dokarta. Ta ɗan sunkuyar da kai."

"Haka take yi," ta ce.

Sai ta kira wani suna a hankali, sunan da ban taɓa jin ya fito daga bakinta ba, ta sake kira. Hawaye suka gangaro, ba ta share ba. Da ta sauke hannu ta miƙo mini kofin.

"Tafi da shi, Auta. Ki riƙa duba mini ita."

Damina biyu ke nan da rasuwar Inna. Kullum da hantsi nakan fito da kofin in ɗaga. Ni ban san fuskar yayata ba, baƙuwa kawai nake gani. Amma an ce in riƙa dubawa, ina dubawa.