Kati Biyu a Soron Kwarbai

Shekara takwas ke nan cif da rasuwar abokina Habu, Allah Ya jiƙansa. Har yau in na ji ƙaurin roba, ko da bola aka cinna wa wuta a bayan gidana a Tukur-Tukur, sai na miƙe na bi ɗaki-ɗaki ina shinshina soket kamar wanda ya zautu. Matata ta yi magana har ta gaji.

Tare muka tashi da Habu a Kwarbai. Gidansu gidan malamai ne, kakansa ya bar littattafai rubutun hannu cikin gafaka, a jere a soron ƙofar gida. Shi kuwa Habu, Allah bai ɗora masa karantarwa ba, sai haɗa kwamfuta. A wannan soron ya kafa teburinsa, littattafan kaka a dama, tarkacensa a hagu. Masu wasan kwamfuta daga Samaru da Sabon Gari har cikin lungu suke biyo shi, saboda ba ya sa mutum sayen katin hoto mai tsada. Katin hoto shi ne ke zana duk abin da ido ke gani a allon wasa. Habu sai ya zaɓo matsakaita guda biyu ya jera, ya haɗa su da wata 'yar waya da yake kira gada, su raba aikin a tsakaninsu.

Yana da ƙa'ida biyu da ba ya sassautawa. Dole katunan su zama iri ɗaya, ƙarfi ɗaya, in da hali ma daga shago ɗaya, don a cewarsa in aka bambanta su mai ƙarfin ne zai riƙa tsayawa jiran rarraunan. Sannan kowane sabon haɗi sai ya bar shi yana aiki iya ƙarfinsa tun hantsi har la'asar, ya ga ko zai ɗau zafi. Ni kuwa ina gefe ina tsokanarsa, wai jikan malamai ya ƙare a ɗaurin auren katuna.

Wata Alhamis ya haɗa wa kansa na'ura. Katunan sun yi, sai ya tsaya yana juya akwatin wutar, wato abin da ke raba wa kayan cikin na'ura lantarki. Tsoho ne, kuma kati ɗaya ya saba ɗauka. Ya ce hankalinsa bai kwanta ba, gara ya bari sai ya je Kano ya samo babba. Ni da aikina bai wuce ɗaukar fayil a ofis ba, ni da ban san komai a harkar ba sai ɗokin buga wasa ranar Asabar, na ce, "Haba Habu! Shekara nawa akwatin nan yana aiki ko tari bai taɓa yi ba? Sa shi kawai, ka cika tsoro." Ya dube ni, ya yi dariya, ya ɗaura shi.

Washegari Juma'a ya kunna gwajin da hantsi. Da lokacin masallaci ya yi, ya garƙame soron da kwaɗo kamar yadda kowa ke yi, tunda babu namijin da zai rage a unguwa. Muna dawowa muka hango hayaƙi. Rufin soron azara ne da asabari, sun shekara ɗari suna bushewa. Motar kwana-kwana ta zo, amma a bakin titi ta tsaya, don lungun ko amalanke da ƙyar take wucewa. Muna ta miƙon bokiti, Habu ya ɓalle kwaɗon ya faɗa ciki. Ko kallon na'urar bai yi ba, gafakokin kakansa ya riƙa rungumowa. Sau uku yana shiga yana fita, a na huɗun mu muka jawo shi. Kwana biyar ya yi a asibiti, hayaƙi ya riga ya gama da ƙirjinsa.

A wurin zaman makoki kowa ya ce tsohuwar wayar lantarkin gidan ce ta jawo gobarar. Mahaifiyarsa, Hajiya Inna, ta ce kwana ne ya ƙare. Ni kuwa na bar su a kan haka. Shekara takwas ina cin tuwon sallarta, tana sa mini albarka, wai ni ne abokin da bai manta ba. Wallahi duk ranar da ta faɗi haka sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Nakan tambayi kaina me Habu zai ce da ya leƙo yau. An daina yayin jera katuna, sababbin wasanni ko kula na biyun ba sa yi, kowa guda ɗaya ƙato yake nema. Na san zai ja tsaki ya ce an mai da sana'a ta masu hannu da shuni. Amma abin da zai fi tayar masa da hankali ba shi ba ne. Lungun nan bai ƙara faɗi ko taku ɗaya ba. Wayoyin da ke ratsa katangu sun ƙara tsufa, kayan da aka rataya musu sun ninka, kuma har gobe unguwa wayam take ranar Juma'a.

Makon jiya ƙanin Habu, Mubarak, ya kira ni gidansu. Magidanci ne yanzu, matarsa da jaririyarsu suna ɗakin da ke manne da soron, wanda aka sake rufewa da azara. Na tarar ya samo katuna biyu na hannu, iri ɗaya sak, ya haɗa su da gada, don ya raya sana'ar yayansa ko da a tsofaffin wasanni ne. Akwatin wutar kuwa wani tsoho ne irin wancan, daga cikin ragowar kayan Habu da wuta ba ta ci ba ya zaro shi. Gafakoki suna dama, gefensu baƙi ƙirin. Ya ce, "Yaya, ranar Juma'a zan yi gwajin, tun hantsi har la'asar, yadda marigayi yake yi." Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Allah Ya sa albarka." Na sa takalmina na fice. Ni ragon banza ne kawai.

In an tambayi abin da Habu ya bari, za a nuna littattafan da ya fitar da ransa, da ƙa'idojinsa biyu da ƙaninsa ya haddace. Akwai na uku, kuma ni kaɗai na gan shi: tsayawar nan da ya yi da akwati a hannu yana cewa hankalinsa bai kwanta ba. Gaskiyarsa ce, ni na kashe masa ita da dariya.

Mubarak, na san kana karanta shafin nan da nake rubutu a kai, kuma kai ke karanta wa Hajiya. Kada ka tsallake mata ko layi ɗaya. Ba wayar gida ba ce, akwatin wuta ne, kuma ni na ce a sa. In ta hana ni ƙofar gidanta daga yau, na cancanta. Kai dai cire wannan akwatin tun kafin Juma'a, kada kuma ka sa wa soron nan kwaɗo da na'ura a kunne, 'yarka tana barci a bayan bango.