Shukar Gwangwani

Jiya na ga gero ya tsiro a fasasshen kasko, sai Kawu ya faɗo mini a rai.

Turawa sun kwashe shi dako daga Limawa lokacin yaƙin Jamus. Bayan shekaru, wata rana muna ɗaurin dami, yana shafa sanƙon da kaya suka yi masa, ya ce wani sojan Indiya ya shuka hatsi a gwangwani don bikinsu na kwana tara. Kullum da sabon sunan da yake kiran Uwar da suke bauta wa, yana roƙon ta mai da shi gida. A kwana na shida atuni ya kashe sojan.

"Ni na ci gaba da ban ruwan."

"Kawu, ba shirka?"

"Ɗana, manomi ba ya kallon shuka ta mutu."

Kawu ya dawo gida ya tarar da kabarin tasa uwar. Allah ya jiƙansu, ya sada su.