Hannun da Ukku Banda Ya Ajiye wa Inji

A ƙauyenmu, in ka ji an ce wane ya tafi asibitin birnin Anuradhapura gwajin jini, ba ka tambayar me aka gano. Ƙoda ce. Ita ta ɗauke mijina, ita ta ɗauke rabin mazan layinmu, duk manoman shinkafa da suka sha ruwan rijiya ɗaya, rana ɗaya ta gasa su. Masu bincike sun sha zuwa da motoci su ɗebi ruwanmu a kwalabe. Wasu su ce maganin feshi ne, wasu su ce ƙasar ce, su juya su tafi. Mu kuwa muna nan muna ɗaura farar tutar mutuwa a bakin hanya, kafin rana ta koɗar da ta wani an ɗaura ta wani.

Ukku Banda taubashina ne, ɗan kawuna, kuma shinge ɗaya ya raba gidana da nasa. Tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba tare da tsiya ba. Ni ina ce masa Dogo, shi yana ce mini Barkono, wai don bakina. Mutum ne mai ci da aiki. Zai tara shinkafa tuli guda, ya malale ta da miyar madarar kwakwa, ya ɗora busasshen kifi, ya share tas, sannan ya saɓa fartanya. In aka kira gayya a gonar wani, shi ne na farkon zuwa, kuma bai taɓa yarda a yi masa yini guda bai rama da yini biyu ba. Girman kai ne, na sha gaya masa, amma irin wanda maƙwabta ke so.

Da ƙafafunsa suka fara kumbura, matarsa Kusuma ta ja shi asibiti da ƙyar. Likita ya ce ƙodar ta kusa ƙarewa, gara a shirya masa hanyar wankin jini tun kafin ranar ta zo. Aka tsaga masa wuyan hannun hagu, aka haɗe jijiyoyi biyu don su kumbura su yi kauri, yadda allurar inji za ta samu wurin shiga. Sannan aka jero masa dokoki. Kada ya ɗauki kaya da hannun, kada ya kwana a kansa, kada ya ɗaura agogo, ko awon jini kada a yi a nan. Kullum da safe ya ɗora yatsa a wurin. In ya ji yana gurnani, hanyar tana da rai. In ya ji shiru, ya ruga asibiti ko takalmi kada ya tsaya nema.

Ranar da ya dawo na ce ya ba ni in taɓa. Da gaske kuwa, wani abu ne ke kurrr a ƙarƙashin fata, kamar ka ɗora hannu a wuyan kyanwa.

"Dogo, kyanwa suka ɗinke maka a ciki?"

"Ita ce, Barkono. Ki yi hankali, ba ta son masu surutu."

Shi ke nan sunan ya bi ta. Kowace safiya zan leƙa ta shinge in ce, "Kyanwa ta kwana lafiya?" Ya miƙo hannu in taɓa, sannan kowa ya kama harkarsa.

Harkar tasa dai zama ce. Mutumin da ke ɗaukar buhun shinkafa shi kaɗai ya koma ko bokitin wanka sai an kai masa. Yana tafiya da hannun a naɗe a ƙirji, yana lallaɓa shi kamar ƙwai. Abincinsa kuwa, ko kare ka ba wa sai ya dube ka. Kusuma za ta yanka ganye ƙanana, ta tafasa, ta zubar da ruwan, ta sake tafasawa ta sake zubarwa, har sai ya zama ba launi ba ɗanɗano. Ba gishiri, ba busasshen kifi, ba madarar kwakwa, ba ayaba. Ruwan shan yini guda a kwalba ɗaya yake, in ya ƙare ya ƙare. Da zafin rana sai ya kurɓa ya kurkure baki ya tofar, don kwalbar ta kai shi yamma.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu zuwa dubiya. Wa zai je gaida marar lafiya hannu rabbana? Kowa sai ya riƙo jar kwakwa da nonon ayaba, don tun kakanninmu ruwan kwakwa ne maganin mai jinya. To ga shi likita ya ce shi ne gubar wannan ciwon, yana iya tsayar da zuciya. Kusuma mai kunya ce, sai ta karɓa ta yi godiya ta jera a ƙarƙashin rumfa, a gaban idon mutumin da ƙishirwa ke ci. Ni na ɗauki aikin tsare ƙofa.

"Inna, ki koma da abinki."

"Haba Menike, yaushe ruwan kwakwa ya zama laifi? Da shi aka yi jinyar ubanki."

"Shi ya sa yana ina yanzu? Ki ba jikokinki su sha."

Na yi baƙin jini a ƙauyen, ban kuma damu ba. Na riga na binne ɗaya, ba na son in ga na biyu.

Watanni suka shuɗe, jijiyar ta nuna, ta yi ɓul-ɓul har gwiwar hannu, amma ba a kira shi ba. Injunan kaɗan ne, masu jira kuwa ba iyaka. Duk wata zai je a duba shi, a ce jinin ya ƙara lalacewa, a yaba masa yadda ya kula da hannun, a ce ya ƙara haƙuri. Gado ba ya samuwa sai mai shi ya mutu. Duk wanda ke layin nan ya san abin da yake jira, ba ya dai faɗa da baki. Ukku Banda ya rame, fatarsa ta yi toka-toka, ƙaiƙayi ya hana shi sakat, abinci ya fara dawo masa. Amma ko sau ɗaya bai karya doka ba.

Gonarsa kuwa abokinsa Jinadasa ne ya riƙe. Tare suka taso, gonakinsu na jingine da juna a gindin ganuwar tafkin da muke ban ruwa da shi. Damina da rani Jinadasa yana huɗa masa, yana shuka, yana girbi, ya kawo shinkafar har rumbu. In Ukku Banda ya buɗe baki zai yi godiya sai ya ce, "Rufe mini baki, kai dai ka ci gaba da renon kyanwarka." Wannan abu ya fi ciwon cin Ukku Banda. Ya taɓa ce mini, "Barkono, ina cin gumin mutum, ba ni da ranar ramawa."

Shi Jinadasa bai taɓa yarda an gwada jininsa ba. Cewa yake ba ya zuwa neman abin da bai ɓatar ba. Yana cin gishirinsa, yana kurɓar giyarsa ranar kasuwa. Rannan sai ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar gona. Aka kwashe shi rai kwakwai mutu kwakwai, aka huda masa wuya aka zura roba, nan take aka ɗora shi a inji, don wanda ya zo a haka ba a ce masa ya bi layi. Da ya farfaɗo aka bar masa gadon, Talata da Juma'a.

Na raka Ukku Banda gaishe shi. Yana kwance da ƙyalle a wuya, bakin nan nasa bai mutu ba.

"A'a, ga mai kiwon kyanwa! Ka ga ni ban yi layi ba."

"Ɗan banza. Ka ci gishirinka, ka sha giyarka, sannan ka zo ka haye gadona."

"Kwantar da hankalinka, mutumina. Ɗumama maka shi nake yi."

Suka yi dariya har Jinadasa ya sarƙe da tari. Ni ban yi ba.

Bai kai girbi ba. Robar wuyan ta kawo masa zazzaɓi, zazzaɓin ya tafi da shi.

A wurinmu manomi ba ya zuwa kabari a mota. Waɗanda suka yi gayya da shi su ke ɗaukarsa a kafaɗa, su bi da shi ta kan ganuwar tafki ya wuce gonarsa, kuma in an ɗaga akwatin ba a dire shi sai a bakin rami. Da can maza har rububi suke yi, ana karɓa-karɓa. Ranar nan da aka duba, samari duk suna bariki ko ƙasashen waje, sauran kuwa wasu na kabari, wasu na layi. Da ƙyar aka haɗa mutum shida, a cikinsu har da wani dattijo da ya kamata a ce shi ake riƙewa.

Ukku Banda yana tafe a baya cikin fararen kaya, hannunsa a ƙirji. Rana ta take. Muna tsakiyar ganuwa, daidai saitin gonakin nan biyu, sai gwiwar dattijon ta lanƙwashe. Akwatin ya karkata, mata suka sa ihu. Kafin in ƙifta ido Dogo ya shige ƙarƙashi. Gurbin da ya buɗe na kafaɗar hagu ne, ba kuma lokacin zagayawa. Ya tallafe da hannun da ya shekara yana reno, kuma da yake ya fi kowa tsawo, nauyin duk a kansa ya sauka.

Na manta a jana'iza nake. "Ukku Banda! Hannunka! Ka haukace ne?"

Bai ko waiwayo ba. "Matsa, Menike. So kike ya faɗi a gaban gonarsa?"

Bai taɓa kirana da sunana ba sai ranar. Na duba hagu na duba dama in ga namijin da zai karɓe shi, babu. Haka ya tafi, gumi na zuba, jijiyar nan ta miƙe kamar za ta fashe, har bakin rami.

Da aka dawo maƙwabta suka kawo abincin makoki, shinkafa da kabewa da busasshen kifi. Ya ture kabewar da kifin gefe, ya ci farar shinkafa loma kaɗan. Har a lokacin yana bin doka.

Washegari na leƙa ta shinge. "Kyanwa ta kwana lafiya?"

"Tana barci," ya ce, bai miƙo hannun ba.

Na ɗauka baƙin cikin abokinsa ne, na ƙyale shi. Ashe tun da asuba ya taɓa ya ji shiru. Ya ce wa Kusuma targaɗe ne kawai, ita kuma ta yi abin da kowace mace a nan za ta yi wa targaɗe, ta ɗumama man ganye ta dinga gasa masa, ta ɗaure da ƙyalle tamau. Tsoro ne ya hana shi zuwa asibiti. Gani yake in bai faɗa ba, abin bai faru ba. Da aka kwana biyu yana hana ni taɓawa, sai na ƙetara shingen na fizgo hannun da ƙarfi na kwance ƙyallen. Jijiyar ta yi tauri kamar igiya, ba motsi ko kaɗan. Na zazzage masa duk zagin da na sani, yana zaune yana kallon ƙasa.

Muna cikin haka wayar Kusuma ta yi ƙara. Daga asibiti ne. An samu gado, Talata da Juma'a, ya zo gobe.

Muka tafi mu uku a motar safe. Malamar asibitin ta san shi, har ta tare shi da fara'a, "Baba mai bin doka, yau dai ranarka ce." Ta ɗora abin sauraro a hannun. Ta matsar da shi sama, ta dawo ƙasa. Fara'ar ta gushe. Ta kira likita, shi ma ya saurara, ya tambayi tun yaushe. Da aka gaya masa sai ya girgiza kai, ya ce jinin ya daskare, an makara. Sai dai a yi sabon aiki a hannun dama, a jira layin tiyata, sannan a jira jijiyar ta nuna. Gadon ba zai zauna ba kowa ba, akwai na bayansa da hanyarsa ke da rai.

Kusuma ta durƙusa. "Likita, ku sa masa ta wuya mana, irin ta Jinadasa."

Ya ce wannan sai wanda aka kawo ranga-ranga, shi kuwa da ƙafarsa ya zo. Ba mugun mutum ba ne likitan, idonsa ma ya kaɗa. Amma na tsane shi a ranar, na tsani injin, na tsani har wanda za a ba gadon, ban ma san ko waye ba.

A mota Ukku Banda ya ɗora hannun daman a cinya yana kallonsa. Da shi yake cin abinci, da shi yake wanka, shi kaɗai ya rage masa. Can ya ce, ba da kowa ba, "Jinadasa ya ɗumama mini gadon, ni ne ban zo ba."

Mun iso da la'asar. Mutanen da suka zo makokin Jinadasa daga nesa sun biyo dubiya ba ma nan, sun jera jar kwakwa a ƙarƙashin rumfa. Ya tsaya yana kallonsu. Sannan ya shiga ɗaki ya fito da addarsa, wadda ta yi tsatsa don rashin aiki. Ya ɗauki kwakwa mafi girma da hannun hagu, ya ɗaga ta yana jin nauyinta, ya sare kanta sara uku. Ruwan ya fantsamo masa a riga.

Kusuma ta toshe baki da gefen zane, ta juyo tana kallona, don ta san ni ce mai ƙwacewa. Shi ma ni yake kallo.

"To, Barkono. Ba za ki ce komai ba?"

Na buɗe baki, na nemi abin da zan ce ya jira, na rasa. Na zauna a kan turmi. Ya kafa kai, ina jin yadda ruwan ke wucewa ta maƙogwaronsa, bai sauke ba sai da ya shanye.