Ranar Da Na Roƙi Gashin Gemun Alhaji

Shekarun baya can, ina sayar da robobi a bakin kasuwar Roxy a unguwar Adjamé, na shiga ajin yaƙi da jahilci na manya ina da shekara arba'in da ɗoriya. Ni ina fama da haɗa baƙi, 'yata kuwa tana jami'a tana karanta fizik.

Wata ranar suna a gidan Alhaji, yayan marigayi mijina, a unguwar Arras, aka tambaye ta me take karantawa. Da Hausarta da ta cakuɗe da Faransanci ta ce fizik kantik ne, ilimin ƙwayoyin da suka fi komai ƙanƙanta, waɗanda babu masanin da zai faɗi inda guda za ta sauka, sai dai ya ce wataƙila nan, wataƙila can. Alhaji ya ajiye cokali. Ya ce wannan musun ƙaddara ne, an mai da duniya caca. Zai tara dangi bayan sati biyu, a cire ta daga jami'a. Tun rasuwar ƙaninsa shi ne uba, ba a ƙetare maganarsa.

A gbaka, ƙaramar motar haya, muna komawa tana kuka, na ce, "Share hawayen nan ki koya mini. In kafirci ne, ni zan fara ƙona littattafan."

Kullum da la'asar sai ta zo rumfata. Ranar farko na ce ta kawo mini ƙwayar a leda in gani, ta yi dariya har ta ƙware. Ta ce haske ma ƙwaya-ƙwaya yake zuwa, amma yana bazuwa kamar igiyar ruwa.

"To littafin ya ce babu Allah?"

"Maman, bai ce akwai ba, bai ce babu ba. Abin da aka auna kawai yake faɗa. Su kansu masanan har yau gardama suke kan ma'anarsa."

Sai ta nuna mini wani abu da 'yar fitilar leza, mai jan hasken nan da ake rataya wa makulli. Irinta Alhaji yake shigowa da ita kwali-kwali.

Ranar taro, mata a ɗakin ciki suke zama, sai an gama a gaya musu hukunci. Na ɗaga labule na shiga falo.

"Yaya Alhaji, kafin a yanke, ina roƙon gashin gemunka guda ɗaya."

Wani dattijo, kawun su Alhaji, ya ce, "Hajiya, bokon nan ya taɓa ki ne?"

"Ya taɓa ni, Baba. A makare ma."

Alhaji don haushi ya tsige ya miƙo. Na manna gashin a kan hudar da na yi wa kwali, na ce a saki labulen taga. Na kunna fitilar lezar, sau biyu ina kuskure. A na uku hasken ya dace da gashin, sai ga jajayen ɗigo sun jeru a bango, reras, kamar an auna tsakaninsu.

Na ce, "Fitilar kai ka sauke ta a tashar jirgi, gemun naka, bangon naka. Masanan sun ce ko da ɗaya-ɗaya aka saki ƙwayoyin hasken, babu mahalukin da zai ce ga inda ta gaba za ta faɗa. Amma in sun taru, jerin nan ne zai fito, ba ya saɓawa. Ɗan Adam ne ya auna ya iske inda saninsa ya tsaya. Tun yaushe 'ban sani ba' ya zama kafirci?"

Sai dattijon ya shafa haɓarsa ya ce, "A gwada da nawa, ko na Alhaji ne mai albarka." Aka gwada, jerin ya sake fitowa, kowa na ta salati.

Alhaji ya sake duban bangon. Ya ce, "Ta ci gaba da zuwa. Amma ta gyara Hausarta, ta daina firgita mutane."

'Yata ta gama karatun, yanzu ita ke koyar da wasu. Ni har yau lissafinsu ban gane ko layi ɗaya ba, kuma ban yi da'awar fitila ta tabbatar da imanina ba, dama ina da shi. Abin da na sani, da na zauna a ɗakin ciki ina jira, da an rufe wa 'yata ƙofa kan maganar da babu wanda ya tsaya ya fahimta. Sati biyu kacal na zauna na saurara, ya ishe ni in tsaya gaban maza goma in kare ta.