Burul da Tudun Tsakiyar Titi

Kowace safiya, kafin Burul ta ɗauki guduma, takan tsaya gaban tanderuna ta sayi gurasa mai zafi, ta zuba wa masu wucewa ido. Shekara talatin da ɗaya tana shimfiɗa duwatsun hanyar ƙafa a nan birninmu na Osh, amma tambayarta ta fi aikinta yawa. Ta taɓa tambayata me ya sa mutum zai taho cikin inuwar layin masallaci yana raha, da ya ɓullo babban titi sai ya haɗe rai, ya fizgi hannun 'yarsa. Na ce halin mutane ne. Ta ce hali ba ya sauyawa a taku goma.

Shekarar da aka faɗaɗa titinmu, tsoho Ormon, malamin makaranta mai ritaya, ya daina zuwa gidan shayin da ke tsallake. Magana ma ya rage, har 'yarsa ta fara neman likitan ƙwaƙwalwa. Burul ce ta lura kullum yakan zo bakin kwalta, ya daɗe yana duban motoci, ya juya gida. Wata rana ta tare shi, ta kira shi ata, wato baba, yadda muke girmama dattijo.

"Ormon ata, me kake dubawa?"

"Wurin tsayawa, 'yata. In ƙafa ta gaza mini a tsakiya fa?"

Mako uku tana zarya ofishin injiniya, tana roƙon a gina tudun tsayawa a tsakiyar titin. Ya kira ta eje, wato yaya, ya ce mata, "Eje, dutse aka ba ki, ba taswira ba," ya ƙara da cewa in ta sake dawowa zai mayar da ita wata unguwa. Ta dawo. Ta roƙe shi abu ɗaya, ya tsallaka tare da ita da tafiyar tsofaffi. A idona suka maƙale a tsakiya, motoci na shafar rigarsa gaba da baya. Da suka fito, sai da ya zauna a dakalina ya sha ruwa. Kafin kaka an gina tudun.

Yau Ormon ne ya fi kowa gardama a gidan shayi.

Burul eje, ke ce mai karanta fuska kafin ki auna ƙasa. Juma'ar nan za ki ajiye aiki, unguwa na godiya. Ku kuma matasa masu zana mana tituna, kafin ku ja layi a takarda, ku sauko daga mota ku taka wurin da ƙafar kakanninku.