Kawu Mai Wankin Ciki

Kawunmu bai taɓa ganin cikin da ba ya buƙatar wanki ba. Kafso yake sayarwa a kasuwar Illela, ja-da-rawaya, a faranti, rana na dukansu. Ko sunan da ke jikin kwali ba ya iya karantawa, amma Dakta ake ce masa, yana kuma amsawa ko kunya babu.

Da aka gano yayata tana da ciwon dajin hanji, aka ɗora ta a kan wani ƙarin ruwa mai tayar da garkuwar jiki ta yaƙi ciwon da kanta. Ni ce mai jinya. Likita ya zaunar da ni, ya ce akwai ƙananan halittu a hanjin kowa, ido ba ya ganinsu, kuma ana kan bincike amma da alama suna taimaka wa maganin ya kama. Ta ci wake da ganye, ta sha fura da nono. Kada a ba ta kafso ko maganin wankin ciki sai da saninsa, don kashe halittun suke yi.

Muka dawo gida na maimaita wa kowa. Kawu ya kwashe da dariya.

"Mi? Kiwon ƙwari za ku yi cikin ɗiyata?"

Na ce, "Kawu, likita ne ya hana."

"Ke rufe min baki! Yaushe anka haife ki?"

Ashe duk ranar da na tafi makarantar da nake koyarwa, yana zuwa. Ya ɓare kafso a kunu, ya bi da jiƙon filasko. Inna ba ta iya musa wa wanta, Yaya kuwa ba ta da ƙarfin cewa a'a. Sai da gudawa ta kwantar da ita na tsinci ɓawon kafson a bayan randa. 

Ko da an bar ta maganin zai kama? Likitan ma ya ce Allah ne masani. Amma ita kaɗai ce damarta, wani sakarai ya wanke ta.

Ranar sadakar ukunta na kai wa maza kunu, na ji Kawu yana cewa, "Da sun kawo min ita tun farko, da tana nan."

Har yau ina gaishe shi, saboda Inna. Amma a tsaye.